Zamanin da Muke Sayen Intanet da Awa

Awa ɗaya naira ɗari. Haka aka rubuta da maka a jikin kwali aka manna a ƙofar kafen da na fara koyon gina shafin intanet, a Kano, wajajen 2004. Ka biya, a yago maka 'yar takarda mai lambobi, ka shigar, agogo ya fara cin kuɗinka a kusurwar allo. Ba a karatu a kafe. Buɗe shafi ake yi, a jira ya gama saukowa layi bayan layi, a adana shi a fulofi ko a filash, a tafi da shi gida a karanta a kwamfutar da ba ta taɓa ganin intanet ba. Masu nacin abin su ne 'yan kwana. A rufe ƙofa ƙarfe goma na dare, ba a buɗewa sai an kira assalatu, janareta na ruri a bayan gini, sauro na shawagi a ƙarƙashin tebur, amma layin ya fi na rana gudu tunda gari ya yi barci. A irin waɗannan darare na cika wani littafin rubutu mai shuɗin bango da adireshin shafuka, kowanne da biro, harafi bayan harafi, domin in ka kuskure ɗigo ɗaya ka yi asarar minti biyar.

Wannan littafi shi ne jarina kaf. Yau idan matashi ya ce zai kafa kamfanin fasaha, kafin shayinsa ya huce ya samu jerin kayan aiki ɗari, na zane da na talla, galibinsu kyauta. Mu namu jerin da hannu muka haɗa shi, daga bakin juna muka ji. A shafin farko na littafin akwai W3Schools, wanda wasu 'yan ƙasar Norwe suka buɗe tun 1998. A nan akasarinmu muka fara ganin yadda ake rubuta HTML, kuma abin da ya sa ya shiga ranmu shi ne kana rubutawa a gefe ɗaya kana ganin sakamakon a ɗaya gefen. Babban malaminmu kuwa wani ɗan umarni ne da ke cikin kowace burauza, wanda in ka danna zai tone maka cikin shafin da kake kallo, ya nuna maka rubutun da aka gina shi da shi. Ka ga shafi ya burge ka, ka buɗe cikinsa ka yi ta bi, kamar yaron bakanike da ke kwance kafireta don ya ga yadda aka ɗaura ta.

Manhajoji uku ne a bakin kowa: Dreamweaver ta kamfanin Macromedia, wanda Adobe ya saye a 2005, da FrontPage ta Microsoft, sai Photoshop. A faifan sidi suke yawo daga hannu zuwa hannu har faifan ya karce ya daina karantuwa. Sai ka zana shafin gaba ɗaya a Photoshop kamar hoton kalanda, ka yayyanka shi gunduwa-gunduwa, ka jera gunduwoyin a gidajen jadawali, jadawali cikin jadawali, kana addu'ar kada wani gida ya zame ya bar tsaga. Kowace burauza kuma da yadda take nuna abu. Wanda ya zauna daram a wannan sai ka tarar da shi a karkace a waccan. Ado shi ne gwaninta a idonmu. Rubutu mai tafiya daga dama zuwa hagu, tambari mai juyawa, da shafin maraba na Flash mai kiɗa wanda baƙo zai zauna ya jira kafin a bar shi ya shiga. A can ƙasa sai a saka 'yar na'urar ƙirga masu ziyara, mai lambobi kamar mitar mota. Wanda ba shi da kuɗin masauki ya ɗora nasa a GeoCities kyauta; da Yahoo ya rufe wurin a 2009, miliyoyin shafukan farko na mutane suka tafi tare da shi. Sayen sunan shafi ma aiki ne ja, domin da katin bankin waje ake biya. Sai ka nemi ɗan'uwa mai karatu a Ingila ko Malesiya ya biya maka, kai kuma ka kai wa iyayensa naira a gida.

Aikin farko da aka biya ni na wani Alhaji ne mai shago a Kantin Kwari. Ɗansa ne ya kai ni. Na same shi zaune a kan darduma tsakanin bandir-bandir na shadda da atamfa, waya biyu a gabansa, wannan ta yi shiru waccan ta ɗauka.

"Malam, an ce kana saka kaya a kwamfuta."

"Ana taɓawa, ranka ya daɗe."

"To ni buƙatata ɗaya ce. Mutumin Agadas da na Njamena da na Marwa su ga abin da ya sauka, ba sai sun taso ba."

Mako uku na yi ina aikin. Na aro kyamara, muka riƙa shimfiɗa yadi ɗaya bayan ɗaya a bakin shago inda haske ke bugawa, yaran shago na riƙe da gefe da gefe. Ranar nunawa Alhaji ya bar shago a hannunsu, abin da ba ya yi, ya biyo mu kafe. Ya zauna, ya gyara babbar riga, ya zura wa allo ido har hotuna suka gama fitowa. Sai ya ɗora yatsa a kan wata kalma.

"Wannan akwatin fa, na mene ne?"

Inda na rubuta "baƙin yadi", harafin ƙ bai fito ba, wani ɗan akwati fanko ne ya tsaya a gurbinsa. Haka duk inda ɗ da ɓ suke. A kwamfutata ta gida lafiya lau suke fitowa, saboda na saka mata salon haruffan da ke ɗauke da su. Ta kafe ba ta da shi. Haruffanmu masu ƙugiya sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, an buga littattafai da jaridu da su a Zariya shekara da shekaru, amma waɗanda suka zana haruffan kwamfuta na farko ba su san da zamanmu ba. Dabarun da muka yi duk na dole ne. Wasu su cire ƙugiyar, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, a bar mai karatu ya canka da kansa. Wasu su maƙala waƙafin sama a gefen harafin. Ni a aikin Alhaji hoto na mayar da duk kalmar da ke da ƙugiya, wanda ya ƙara wa shafin nauyi a kan nauyi. Shekaru bayan nan na ji cewa masu sana'ar a can suna kiran wannan akwati tofu, wato awara, saboda kamarsa da yankan awara, kuma kamfanin Google ya raɗa wa babban aikinsa na haruffa suna Noto ne da nufin a daina ganin awarar nan a kowane harshe. Na ji daɗin labarin ƙwarai, domin na san zafin abin. Har gobe idan zan zaɓi salon harafi, kafin in dubi kyansa sai na rubuta "ɗan ƙaramin ɓera" in ga ko zai fito.

Bayan wata uku na koma gaishe shi. Na faɗa masa cikin murna cewa na'urar ƙirga ta haura ɗari uku.

"Madalla," in ji shi. "A cikinsu wa ya saya?"

Ba ni da amsa. Ban san ko su wane ne ba, ban san daga ina suka shigo ba, ban ma san nawa ne daga ciki ni da ɗansa ba. Bai yi faɗa ba. Ya ɗaga waya ɗaya ya nuna mini, ya ce mutanensa a nan suke samunsa. Layin GSM ya shigo Najeriya a 2001, kuma kafin mu gama koyon jadawali 'yan kasuwa sun riga sun mayar da cinikinsu kansa: a kira, a kwatanta kala da zane, a daidaita, a ba direba kaya, kuɗi ya zo ta hannun amintacce. Mutumin Agadas ɗin da na yi wa shafi ba ya shiga kafe. Tun daga ranar tambayar Alhaji ta zama mudun da nake auna kowane kayan aiki da shi, kuma waɗanda suka amfane ni a shekara ashirin ɗin nan su ne waɗanda suka matsar da ni kusa da amsarta.

Na farkonsu Google Analytics. Google ya sayi kamfanin Urchin a 2005, a watan Nuwamba na shekarar ya saki manhajar kyauta, abin da a da sai mai kuɗi. Rububin da aka yi ya sa sai da aka dakatar da karɓar sababbin masu rajista na tsawon watanni, sai wanda aka gayyata. Ranar da na fara ganin rahotonta a kan wani shafin makaranta da na yi, jikina ya yi sanyi. Ga garin da mutum ya shigo daga shi, ga kalmar da ya rubuta ta kawo shi, ga kuma daidai inda ya juya ya fita. Galibinsu a shafin maraba mai kiɗan nan suke juyawa, wanda na kwana biyu ina ƙawatawa. Iyaye kuɗin makaranta da ranar komawa suke nema, ni kuma na tsayar da su a ƙofa ina yi musu wasan fitilu. A daren na cire shi. Flash ɗin ma daga baya duniya ta rabu da shi: Steve Jobs ya rubuta wasiƙarsa a 2010 yana bayanin dalilin hana shi shiga iPhone, a ƙarshen 2020 Adobe ya daina kula da shi.

WordPress, wanda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, da Joomla da ta fito a 2005, sun sauke mana wani kaya daban. Kafin su, duk lokacin da farashi ya canza ko aka yi sabon shugaba a ƙungiya, sai an nemo mai shafi ya zo ya gyara. Da suka zo sai ka koya wa sakatare yadda zai shiga ya rubuta da kansa. A tsakaninmu Joomla ce ta fara karɓuwa, amma WordPress ya yi mata nisa. Yau fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kansa suke. A 2008 kuma Stack Overflow ya buɗe, matsalar da kan cinye maka mako sai ka tarar wani a wata ƙasa ya riga ya tambaya an ba shi amsa.

Babban juyin dai a tafin hannu ya faru. Mutanenmu da yawa ba su taɓa mallakar kwamfuta ba, intanet ta same su ne a ƙaramar Nokia, ta hanyar Opera Mini, wadda ke bi da shafi ta na'urorin kamfaninta ta matse shi kafin ya iso, don kada ya cinye data. Shafukan da muka yi don faffaɗan allo sai suka zama abin tausayi a can: rubutu kamar tururuwa, ka ja hagu ka ja dama kafin ka karanta jimla ɗaya. A watan Mayun 2010 wani mai zane, Ethan Marcotte, ya rubuta maƙalar da ta ba dabarar suna, wato a gina shafi ɗaya mai miƙewa da tsukewa daidai da allon da ya samu kansa, kamar ruwa a cikin kwano. A shekarar ce kuma, cikin Yuli, wayar ƙarƙashin teku ta Main One, wadda Funke Opeke ta jagoranta, ta fara aiki tsakanin Fotugal da Legas, farashin intanet ya fara sassautowa, ko da yake ya ɗauki lokaci kafin sauƙin ya hauro Arewa. Sai ga Bootstrap a watan Agustan 2011, daga hannun ma'aikatan Twitter biyu, Mark Otto da Jacob Thornton. Maɓallai, akwatunan cike bayani, jerin zaɓi, duk an riga an ƙera, kai dai ka ɗauka ka jera. Fitowarsa ta biyu a 2012 ta zo da gidaje goma sha biyu masu lanƙwasuwa, ta uku a 2013 ta ce da waya za a fara tunani kafin kwamfuta. Abin da muka koya da wahala a kan wayoyin kasuwar Farm Centre masu fasasshen gilashi sai ga shi ya zama ƙa'idar duniya.

Daga nan kyauta ta yi ta zuba kamar ruwan Agusta. Google Fonts a 2010, Font Awesome da ƙananan alamominsa a 2012, Canva a 2013 daga Melanie Perkins da abokan aikinta a Ostireliya, waɗanda da littattafan tunawa na 'yan makaranta suka fara. Let's Encrypt ya zo ya raba takardar tsaron shafi kyauta, wadda a da duk shekara sai ka biya dala. Unsplash kuwa labarinsa darasi ne na talla a kan kansa. Wani ƙaramin kamfani ne a Montreal ta Kanada ya ɗauki hotuna don shafinsa a 2013, aka samu ragowa, sai suka ɗora guda goma a Tumblr suka ce kowa ya ɗauka ya yi abin da ya ga dama, kuma duk kwana goma za a ƙara goma. Ragowar nan ta jawo musu jama'ar da tallan kuɗi bai jawo ba, har ta girmi kamfanin da ya haife ta, Getty Images ya saye ta a 2021.

Ina godiya da waɗannan kyaututtuka, kuma ba na kewar jadawali ko kaɗan. Amma sun zo da wata cuta da nake gani har yau. Shafuka suka koma kama ɗaya kamar 'yan gida ɗaya ranar Salla: babban hoto a sama, jimla ɗaya a tsakiya, akwati uku a ƙasa. Mafi ciwo hotunan. Na ga shafin mai kilishi da hoton wata Baturiya tana shan gahawa a bakin taga, na ga na makarantar Islamiyya da hoton ɗakin karatun da ko a mafarki ɗaliban ba su taɓa shiga ba. Mai saye ba yaro ba ne, da gani ya san hoton aro ne, kuma wanda ya yi maka aron hoto za ka yi zargin zai yi maka aron magana. Waɗanda suka kafa Airbnb, lokacin da kasuwarsu ta tsaya cik a 2009, New York suka tafi da kansu, suka bi gida-gida suna ɗaukar hotunan ɗakunan masu ba da haya da kyamara mai kyau, ciniki ya motsa. Hotunan da na ɗauka a bakin shagon Alhaji, da hannun yaran shago a gefen yadi, su ne abu mafi daraja a wancan shafin, ni ne ban sani ba a lokacin.

Ta fuskar talla, labaran da muka rayu a kansu daga Amurka da Ingila suka zo, muna karanta su kamar tatsuniya. Hotmail a 1996 ya saka layi ɗaya a ƙasan kowane saƙo yana gayyatar wanda aka aika wa ya buɗe nasa kyauta, cikin shekara ɗaya da rabi ya tara mutum miliyan 12. Drew Houston na Dropbox ya yi ɗan gajeren bidiyo yana nuna yadda manhajarsa za ta yi aiki tun ba ta gama nuna ba, jerin masu jira ya tashi daga 5,000 zuwa 75,000 a dare ɗaya. Wanda ya fi kama ni shi ne na Joel Gascoigne, wanda ya fara Buffer a Birmingham a 2010. Kafin ya gina komai, shafi biyu kacal ya yi. Na farko ya bayyana abin da manhajar za ta yi, da maɓallin dannawa; in ka danna, na biyu ya ce maka ba a gama ba tukuna, bar imel ɗinka. Da ya ga mutane na bari, sai ya cusa shafin farashi a tsakani, don ya ga ko akwai mai danna na kuɗi. Aka samu. Sai a lokacin ya zauna ya rubuta manhajar. Ranar da na karanta wannan na tuna mako ukun da na yi wa Alhaji, alhali da na yi wuni ɗaya zaune a shagonsa ina sauraron yadda yake waya da mutumin Agadas, da na san abin da ya kamata in gina.

Kuskurenmu a shekarun nan shi ne ɗaukar dabarar da tukunyarta. Mun ga Mailchimp, wanda Ben Chestnut da Dan Kurzius suka fara a Atlanta a 2001 a gefen sana'arsu ta zanen shafuka, ya buɗe tsarin kyauta a 2009, muka ce shi ke nan, tara imel za mu yi. Muka tara. Sai dai mutane da yawa a nan sun buɗe imel ne don rajistar JAMB ko neman aiki, daga ranar ba su sake leƙawa ba. Saƙonmu mai ado ya yi ta sauka a gidan da babu kowa. Abin da ya yi aiki a hannuna shi ne saƙon tes na bai-ɗaya, da sanarwa a rediyo bayan labaran yamma, daga baya manhajar saƙo ta BBM da Facebook, wanda ya samu fassarar Hausa a 2016. Sai WhatsApp ya zo ya haɗiye su. Da aka ƙara masa sitatus a 2017, aka fito da na 'yan kasuwa a 2018, matan aure masu turaren wuta da atamfa da kayan kicin suka gina kasuwar da babu wani mai shafi a cikinmu da ya gina kwatankwacinta, daga cikin ɗakunansu, ba tare da layin kod ko ɗaya ba. Abin da Hotmail ya yi da layin ƙasan saƙo shi suke yi da "Hajiya, don Allah a ɗora mini a sitatus". Dabarar ɗaya ce, kowa ya kawo na kusa da shi. Tukunyar ce ta bambanta.

Katangar da ta fi kowace tsawo ita ce karɓar kuɗi. Ka gina shafi, ka kawo mai saye har bakin ƙofa, sannan ka ce masa ya je banki ya bi layi ya biya ya turo hoton tela. Rabi a nan suke zubewa. Haɗa shafi da hanyar biya ta kati a lokacin sai ka cike takardu, ka biya kuɗin shiga mai tsoka, ka jira makonni, abin da ɗan farawa ba zai iya ba. Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa Paystack a 2015, suka shiga shirin Y Combinator a 2016, Flutterwave ma ya fito a shekarar. Ranar da na fara haɗa Paystack da shafi, da la'asar na fara, kafin magariba na gwada biyan naira ɗari da katina ta wuce. Na daɗe zaune ina kallon allon. Kamfanin Stripe ya sayi Paystack a watan Oktoban 2020 a kan abin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200, kuma a ganina sun ci guminsu. Duk da haka mai saye a nan ya fi natsuwa da tiransifa da jin ƙarar alat, musamman bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023, shi ya sa shafin da ba ya nuna lambar asusu ko maɓallin WhatsApp a fili yake asarar ciniki. Wata katangar kuma ta taso ta baya: kayan aikin da ake cewa masu arha da dala ake biyansu duk wata, kuma a 2022 bankuna da dama suka taƙaita kashe kuɗin waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, wasu suka rufe gaba ɗaya. Sai ga mu a lokacin mun koma neman ɗan'uwa a waje ya biya mana, kamar 2004.

Kwanakin baya 'yar ƙanwata, wadda ta gama karatun kwamfuta, ta zo da laftof ɗinta ta zauna a kan tabarma kusa da ni. Tana so ta yi wa teloli manhajar ajiye awo da ranar karɓar ɗinki, saboda rigimar da ake sha duk jajibirin Salla. Ta nuna mini zanen da ta yi a Figma, manhajar da Dylan Field da Evan Wallace suka saki a 2016, wadda a cikin burauza ake aiki da ita ba sai an nemi faifai ba. Tambari daga Canva, shafin gabatarwa kuma manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ta rubuta mata rabinsa. Dare biyu ta yi. Ya fi duk abin da na yi a shekaruna biyar na farko kyau, kuma na faɗa mata haka.

"Kawu, jerin kayan talla nake so ka ba ni. Waɗanda kuke amfani da su."

"Zan ba ki. Tela nawa kika zauna da su?"

Ta yi shiru, sannan ta ce telanta dai ta san halinsa.

Na ba ta labarin Alhaji da na Buffer, na ce ta ajiye laftof ɗin mako ɗaya. Ta ɗauki littafi da biro ta bi shagunan ɗinki na unguwarsu, goma sha ɗaya ta samu suka saurare ta. Ta dawo da abin da babu jerin da zai ba ta. Da yawansu a jikin ƙyallen yadin suke rubuta awo da alli, ko a wani tsohon littafi da ke rataye a jikin keke. Hannunsu kullum a cikin aiki yake, ba sa son dannawa, saƙon murya suke turawa. Datar wuni ɗaya suke saye, wayoyinsu kuma a cike suke, ba wurin sabuwar manhaja. Sannan abin da ya fi damunsu ba mantuwar awo ba ce, mai kaya ne da zai kawo ɗinki a makon ƙarshe na azumi ya rantse tun farkon wata ya kawo. Shaida suke so, mai kwanan wata, wadda za ta je wayar mai kaya a ranar da ya ajiye.

Ta rushe rabin zanen. Ta mayar da shi ɗan shafi mara nauyi mai buɗewa a burauza, tela ya ɗauki hoton yadi, ya zaɓi ranar karɓa, rasit ya tafi WhatsApp ɗin mai kaya. Ta saka farashi tun kafin ta gama, da lambar asusu a ƙasa. Shekaranjiya da dare ta turo mini hoton alat guda huɗu, daga teloli huɗu. A ƙasan hoton ta rubuta cewa ɗaya daga cikinsu ya kira ta yana tambaya me ya sa a rasit ɗin kalmar "ɗinki" harafinta na farko ya fi sauran ƙanƙanta, kamar daga wani wuri aka aro shi. Salon harafin da ta zaɓa ba shi da ɗ, wayar ce ta ciko gurbin da na wani salon. Na tura mata "ɗan ƙaramin ɓera", na ce ta gwada da shi kafin ta zaɓi wani.